Faifan Wane

Iyatu ba ta taɓa kiran sunan ɗanta na fari ba. Wannan ba abin mamaki ba ne a wancan zamani, ballantana a ruga. Tun ranar da aka yanka rago aka raɗa wa yaron suna Bubayero, sunan ya shiga kunnenta ya zauna, bai sake samun hanyar fita ta baki ba. In tana so ya zo, sai ta ce "kai". In maganarsa ta taso a cikin mutane, sai ta ce "wane". In baƙo ya tambaye ta ko ɗanta ne, sai ta kau da kai ta ce ɗan mutane ne, ita me ta sani. Haka uwarta ta yi, haka kakarta ta yi, kuma ba wanda ya taɓa ɗaukar wannan a matsayin ƙiyayya. Kunya ce, kunya kuwa a wurinsu ta fi zane rufe jiki.

A hannun Inno yaron ya tashi, wato uwar mijin Iyatu. Ita kaka ce, bakinta a sake yake, tana kiran sunan safe da yamma, ta haɗa da tsiya, ta ce wannan miji nata ba ya kawo cefane sai ci. Iyatu tana jin su daga ƙofar bukkarta, kanta a sunkuye tana saƙar faifan rufe ƙwarya, ba ta ko murmushi. Amma in ta kaɗa nono, curin man da ya fi kyau a ƙwaryar Inno yake ƙarewa, kuma ba a taɓa tambayar don wa aka kai ba.

Rugarsu tana bayan Dudunni, a ƙasar Kusada, inda manoma ke barin su sauka a gonaki bayan girbi don shanu su bar masu taki. A nan Bubayero ya koyi busa sarewa, ba wanda ya koya masa, bin shanu ne da zaman kaɗaici. Yana yaro wata karsana ta hamɓare shi ta ɓalle masa gefen haƙorin gaba, shi ya sa duk lokacin da ya ja numfashi a tsakiyar busa sai ka ji wani ɗan siririn fito ya biyo. Mutane ba su lura da shi. Iyatu kuwa da wannan fiton take sanin ya kusa gida, ta tashi ta ɗora ruwan zafi kamar dama can ta yi niyya.

'Yan shekaru bayan Turawa sun sauke tutarsu, wata mota ta zo Kankia ranar kasuwa da akwatin ɗaukar sauti. Mutanen wani kamfanin faifan garmaho ne, suna bin garuruwa suna ɗaukar makaɗa da mawaƙa. Ranar Bubayero ya kai bijimi kara, wato inda ake cinikin shanu, yana zaune gindin tsamiya yana busa kafin dillali ya samo mai saye. Suka ji, suka tsaya, suka lallashe shi ya busa a bakin akwatin. Ya busa masu ta kiran shanu, ya busa ta tashi daga mashaya, ya shiga ta uku ke nan bijimin ya tsinke igiya ya nufi rumfar masu hatsi. Bubayero ya zabura ya bi shi, bai kuma dawo ba. Da suka tambaya, abin da suka samu kawai shi ne ɗan rugar bayan Dudunni ne.

Da ya koma gida ya ba da labari yana dariya, ya ce yau an ɗura busarsa a akwati kamar man shanu a kwalba. Iyatu ta yi kamar ba ta ji ba. Sai washegari a bakin rijiya ta tambayi amaryarsa Jamilatu, a kaikaice, wai me wane yake cewa jiya game da akwati.

Da rani ya yi, maza suka kaɗa shanu suka yi kudu neman ciyawa. Inno ta riga ta rasu a daminar da ta wuce. Ruga ta rage daga Iyatu sai Jamilatu sai 'yan ƙananan yara, su kuwa yaran, ranar da suka ji ƙugin wata mota da ta nufo rugar, suka watse cikin sabara. Wanda ya fito daga motar ma'aikacin kamfanin faifan nan ne, mutumin kudu, da farar riga da alƙalami a aljihu, mai ladabi ƙwarai, har ya tsuguna ya gaishe su. Hausarsa ta kasuwa ce, wadda ake tsinta a bakin masu tumatir. Ya yi bayani da baki da hannu cewa busar yaron nan za ta fito a faifai, kuma a bayan kwalin da ake saka faifan ana rubuta labarin mai busar, don mutanen garuruwa masu nisa su san ko wane ne. Shi aikinsa ke nan, rubuta wannan labari.

Iyatu ta ɗaga faifan da take saƙa ta tambaye shi ko irin wannan. Ya yi dariya ya ce a'a, nasu baƙi ne, juyawa yake yi yana magana. Sannan ya zaro alƙalami.

"Mama, yaro mai busa, mene sunanta?"

Iyatu ta dubi Jamilatu. Jamilatu ta ja gefen zane ta rufe baki ta shige bukka, don mace ma ba ta kiran sunan mijinta.

"Wane," in ji Iyatu, idonta a kan saƙa. "Wane dai."

Mutumin ya rubuta, yana maimaitawa a hankali, wa, ne. Ita kuwa ta ɗauka ya gane, yana taya ta kunya ne, har ta ji ya burge ta.

"Kai ne mamanta?"

"Ni? A'a. Ɗan mutane ne. Wadda ta raine shi ta rasu bara."

Fuskar mutumin ta canza. Ya girgiza kai ya yi mata ta'aziyya, ya daɗe yana rubutu. Ta dama masa fura da nono mai kauri, ya sha ya yi godiya ya tafi. A ranta ta ce ai in mai abin ya dawo sa tambaye shi da kansa, baki gare shi. Daga nan ba ta ƙara tuna zancen ba.

To, ba a sake zuwa tambaya ba. Shekaru suka shuɗe, sai ga shekarar farin nan da har yau tsofaffi in sun tuna ta sai sun yi shiru. Ruwa ya ɗauke tun gero bai yi bununi ba. Shanu suka riƙa durƙushewa a bakin rijiyoyin da suka ƙafe, fata ta yi arha har masu jima suka daina saye. Mijin Iyatu ya kwanta ciwo a cikin wannan hali, bai tashi ba. Bubayero ya tattara 'yan shanun da suka rage, shi da Bube ƙanen ubansa, suka yi kudu, nesa da inda suka saba kaiwa.

Bube ne ya dawo shi kaɗai, da sanda biyu da malafa biyu. Ya ce zazzaɓi ne, kwana kaɗan. Sun binne shi a bakin wani kogi, a ƙasar mutanen da ba su jin harshensu, ko sunan garin bai riƙe ba. Sarewar ma ba a gan ta ba.

Iyatu tana daka lokacin da aka gaya mata. Ta tsayar da taɓarya ta ce Allah ya jiƙan wane, sannan ta ci gaba da daka. Uwa ba ta yi wa ɗan fari kuka a gaban mutane. Mata suka yaba mata, suka ce Iyatu ta cika Bafulatana. Garin da ta daka ranar ya yi laushin da ba a iya tuwo da shi, amma wannan ba wanda ya ce komai a kai.

Jamilatu ta gama takaba, ba ciki ba goyo, daga baya ta auri wani manomi a Bauranya. Bube ya yi gabas da 'yan shanun da suka tsira, ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba. Rugagen da ke kewaye duk suka watse. Iyatu ta matso gefen Dudunni ta kafa bukka, da awaki biyu. Wadda a da take kyauta da man shanu ta koma sarin nono a hannun wasu, tana shiga motar kasuwa zuwa Kankia ta sayar.

Kankia kuwa ta canza. Kuɗin mai sun shigo ƙasa, an shimfiɗa sabuwar kwalta daga Kano zuwa Katsina, motoci ba dare ba rana, samari suna yawo da rediyo a kafaɗa kamar masu goyo. A bakin tasha wani mai suna Sada ya buɗe shago yana sayar da rediyo da batir da faya-fayan garmaho, ya kafa lasifika a kan rufin kwano don jawo masu saye. Mutum ne mai barkwanci. Yakan sayi nono a wurin Iyatu, kullum sai ya ce ta cika ruwa, ita kuma ta ce Kaɗo me ya sani game da nono ban da sha.

Wata ranar kasuwa da hantsi, Iyatu ta sauko daga mota, ta kai hannu za ta sauke ƙwarya daga kai, sai lasifikar Sada ta saki busar sarewa. Ta kiran shanu ce. Hannunta ya tsaya a sama. Ta ce a ranta masu busa da yawa suke a duniya. Sai mai busar ya ja numfashi, ɗan siririn fiton nan ya biyo.

Ba ta san yadda ta tsallaka titi ba. Ta tsinci kanta a ƙofar shagon, ƙwarya a kai, tana kallon wani baƙin abu yana juyawa a kan akwati. Aka busa ta tashi daga mashaya. Aka shiga ta uku, ba ta yi nisa ba ta yanke, aka ji hayaniya can nesa da muryar wani yana cewa a tare, a tare. Sai allura ta ɗaga.

Sada ya ce yau kuma Inna Fulani ta zo sayen garmaho ne, ko nonon ne ya yi tsami take neman inda za ta ɓoye shi. Ba ta rama ba. Ta tambaye shi busar wane ne wannan.

'Yan kamasho biyu da ke zaune a kan benci suka fashe da dariya, suka ce ai ta faɗa da bakinta, busar Wane ce. Ashe abin dariya ne a tashar tun da faifan ya zo. Sada ya ɗauko kwalin ya nuna mata. A gaba zanen shanu ne masu dogayen ƙahoni da wani mutum ya ba da baya. Ya juya bayan, rubutu ne tun daga sama har ƙasa, ƙanana kamar tururuwa. Ya ce a duk faya-fayan da yake sayarwa ba wanda ya kai wannan suna, Malam Wane. Ɗaya daga cikin 'yan kamashon ya ce ɗan Wance ne, jikan su Wane da Wane, gidansu na nan a garin Kaza. Aka sake dariya.

Iyatu ta sauke ƙwaryar a hankali. Ta ce wa Sada ya karanta mata abin da aka rubuta, duka.

"Turanci ne, Inna, bari in juya maki shi." Ya bi layin da yatsa, yana tsayawa yana nemo kalma. "Sun ce, mai wannan busa sunanshi Wane, makiyayi ne daga ƙasar Kusada. Maraya ne. Mun je har rugar da ya tashi, muka iske wata mata mai kirki, ta ba mu fura, ta shaida mana cewa shi ba ɗan kowa ba ne a wurin, wadda ta raine shi ma ta rasu. Duk wanda ya saurari busar nan da kyau, zai ji kukan yaron da bai san uwa ba."

Ɗan kamashon ya ce Allah sarki, shi ya sa busar ke taɓa zuciya. Wata mota ta tsaya, suka tashi da gudu suna kiran Katsina, Katsina.

Iyatu ta daɗe tana kallon rubutun. Sannan ta tambayi Sada ko ana warwarewa. Ta ce ita in ta yi kuskure a saƙar faifai, zare kabar take yi ta koma baya ta gyara. Sada ya ce wannan ba saƙa ba ce, inji ne ya buga, kuma ba guda ɗaya ba ne, dubbai ne, suna Kano, suna Ikko, wasu ma sun ƙetare teku. Sai dai akwai mutumin kamfanin da ke kawo masa kaya a mota lokaci-lokaci. In aka gaya masa, wataƙila ranar da za su sake bugawa su gyara.

"Kin san shi ne, Inna?"

"Na san rugarsu."

"To mi ne sunan nashi na gaskiya?"

Ta buɗe baki, ta rufe. Ta gyara faifan da ke kan ƙwaryarta, wanda ba abin da ya same shi. Sada ya dube ta, ya dubi kwalin, dariyar ta bar fuskarsa. Shi ma tsohuwarsa har ta mutu ba ta taɓa kiran sunan babban wansa ba. Ya miƙa hannu ya kashe akwatin. Ya ce, murya ƙasa-ƙasa, ba sai ita ba, ta turo wani ya faɗa.

Ta nemi wanin. Manoman Dudunni sun tuna shi sarai, amma su Mai Sarewa suke ce masa, ba su taɓa damuwa da wani suna ba. Fulanin da suka san ranar sunansa, wanda bai mutu ba ya yi ƙaura. Sai ta ɗaura zane ta taka har Bauranya.

Jamilatu ta yi ƙiba, da yaro a baya da wani a gaba. Ta rasa inda za ta sa Iyatu don murna, ta shimfiɗa tabarma, ta kawo ruwa, tana ta Inna kin rame, Inna ina awaki. Da maigidan ya fita, Iyatu ta ba ta labari tun daga fiton haƙori har zuwa rubutun. Jamilatu ta yi kuka, irin kukan da Iyatu ba ta samu ta yi ba. Ta ce ta tuna mutumin da farar rigarsa, ta tuna ta shige bukka tana dariya a cikin zane. Iyatu ta ce ko za ta zo Kankia ta faɗa, tunda yanzu ba aurensa take ba. Jamilatu ta ce bakinta bai taɓa ɗaukar sunan ba ita ma, kuma maigidan nan ba zai so a ji matarsa a tasha tana kiran mijin fari ba. Amma ta ce ko wannan ma ba shi ne matsalar ba.

"Inna, ko na faɗa, suna kaɗai zan gyara. Maraicin fa? Wa zai ce yana da uwa, in ba uwar ba?"

Iyatu ta sha ruwan, ta yi wa yaran addu'a, ta kama hanya tun rana ba ta yi sanyi ba.

Daga ranar ta fara gwadawa. In ta fita itace, ta duba gabas da yamma ba kowa, sai ta tsaya gindin kalgo ta haɗa leɓɓa. Iska kawai ke fita. Sunan yana nan a ƙirjinta, ta san nauyinsa kamar yadda ta san nauyin ƙwaryarta, amma da ya iso maƙogwaro sai ya tsaya kamar ƙashin kifi. Wani lokaci ta ji kamar Inno na kallonta, wani lokaci uwarta. Takan ce wa kanta, ai mai farar rigar nan mutumin kirki ne, ya sha furarta, abin da ta gaya masa shi ya rubuta. Ba ta ga laifinsa ba, ba ta ga laifin kunya ba, ta rasa inda za ta ajiye abin, sai ta ci gaba da ɗaukarsa.

Kowace ranar kasuwa tana zaune inda take hango shagon Sada. Shi kuwa ya daina sa faifan in tana nan, sai in wani ya matsa. Masu saye sukan zo su ce a sa masu na Wane, marayan nan. Tana ji. Damina ta wuce, aka yi girbi, aka kai amfani rumbu, motar kamfanin ba ta zo ba.

Ranar da ta zo, kasuwa ta cika maƙil. Sada ya leƙo ya yafuto ta. Mutumin kamfanin saurayi ne Bakano, da wando mai faɗin ƙafa da alƙalami a aljihun riga, yana ta duba agogo. Sada ya ce masa ga wata tsohuwa tana da magana a kan faifan sarewar nan. 'Yan kamasho suka matso. Matan Fulani masu tallar nono, waɗanda suke zama layi ɗaya da ita, su ma suka miƙo wuya.

Saurayin ya ce, "To Iya, ina jin ki."

Iyatu ta ɗauki kwalin da hannu biyu. Ta dubi zanen mutumin da ya ba da baya. Muryar da ta fito ba ta yi kama da tata ba.

"Abin da aka rubuta nan ba haka ba ne. Yaron ga ba maraya ba ne. Ɗana ne, ni na haife shi, shi ne na fari. Sunanshi Bubayero."

Wurin ya yi tsit, sai ƙugin wata mota can a kan kwalta. Iyatu ta tsaya, kanta a ɗan karkace. Sai daga baya ta gane abin da take yi. Jira take a ce na'am.

A layin masu nono wata ta rufe baki da tafin hannu. Wata tsohuwa ta ce da Fulatanci, ba a hankali ba, wahala ta taɓa kan Iyatu, ta koma Kaɗo.

Saurayin ba mugu ba ne. Ya ce Allah sarki Iya, Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Sannan ya yi mata bayani da haƙuri, kamar yadda ake yi wa tsofaffi. Kamfani ya daina buga wannan faifan, ba ma shi kaɗai ba, faifai gaba ɗaya yayinsa na wucewa, yanzu kaset ake yi. Kaset kuwa ɗan mitsitsi ne, ba wurin labari a jikinsa, suna kawai ake sawa, sunan kuma daga tsohon faifan ake kwafa. Wanda ya yi rubutun ya bar aiki tun tuni, ba a san inda yake ba. Shi ma yau ya zo ne ya kwashe ragowar da ba a sayar ba.

Tana sauraro, amma idonta na kan alƙalamin da ke aljihunsa. Wancan na farko, kowace kalma ta faɗa sai da ya rubuta. Wannan bai ko taɓa aljihun ba. Ya sake cewa Allah ya ba da haƙuri, ya kwashi kwalayensa ya zuba a mota, ya yi Katsina.

Sada ya ɓoye guda ɗaya a ƙarƙashin tebur. Da mutane suka watse ya fito da shi, ya ɗauki biro ya ja layi a kan rubutun tun daga sama har ƙasa, ya rubuta wani abu a gefe da manyan baƙaƙe, yana dannawa sosai. Ya ce ya sa Bubayero ɗan Iyatu. Ya miƙa mata duka, faifan da kwalin, ya ce kyauta ne.

Ta zare faifan ta mayar masa. Ta ce ba ta da akwatin juya shi, busar kuma tana da ita a kunne, takardar take so. Ta ce ya nuna mata daidai inda sunan yake. Ya kama babban yatsanta ya ɗora a kai. Ta tambaye shi sauran fa, na Kano da na Ikko da na bayan teku. Sada ya ce Inna, sai haƙuri.

Da ta koma layin masu nono, ta tarar an ɗan janye ƙore daga gefen tata. Ba wanda ya ce mata komai, ba a kuma sake yaba mata da cika Bafulatana ba. Ta zauna ta sayar da abin da ya rage, kwalin a cikin zane a kan cinyarta.

Ba ta ƙara kiran sunan ba. Sau ɗaya ne, ya fita, ba a amsa ba, ba a rubuta inda ya kamata ba. Kwalin ta sa shi a ƙarƙashin ƙoren jerenta, ta rufe da faifan kaba. In ta idar da sallar la'asar sai ta ɗauko ta ɗora yatsa a inda Sada ya nuna mata. Ba ta san baƙi ko ɗaya ba, amma biron ya yi ɗan kwari a takardar, tana jin sa a fatar yatsa, ta bi shi daga farko zuwa ƙarshe ta dawo.

Hannun mai kaɗa nono ba ya rabuwa da maiƙo. A hankali shuɗin biron ya dushe, wurin ya yi duhu ya yi sulɓi, takardar ta yi laushi har ta ɓule. Rubutun injin kuwa, da yake ba ta taɓa shi, yana nan raɗau a ƙarƙashin layin da aka ja masa. Ita ba ta sani ba. Ta ci gaba da ɗora yatsa a kan hujin.

A tasha, Sada ya sayi injin kwafa, ya juye busar a kaset, don direbobi suna son ta a doguwar hanya. Na farko-farko ya riƙa rubuta Bubayero a jiki. Masu saye suka riƙa juya kaset ɗin suna cewa ba wannan ba, na Wane suke so, marayan nan. Ya yi bayani har ya gaji. Daga baya, in Iyatu ba ta kusa, sai ya rubuta abin da suka sani ya miƙa masu.